Kwamfutar Yadi Bakwai

Na rantse maka, ko na ciko mota da shaidu ba za ka yarda da wannan labarin ba. Ni ɗin nan da kake gani, an yi lokacin da a layinmu kaf ba a yanka yadi, ba a aske kai, ba a tayar da motar burodi sai an ji ta bakin kwamfutata. Injiniya ake kirana. Ni na raɗa wa kaina sunan, don na ga mutanen layin suna jan ƙafa.

Makaranta dai ban gama ba, amma ba laifina ba ne. Na lura malaman sun fara maimaita abin da nake shirin sani, sai na ba su wuri su huta. Na dawo gidan Yayana, wanda ke da gidan burodi a ƙasa, ni kuma ya ba ni ɗaki a sama mai fanka da taga biyu. Matsalar guda ce: Yaya ya ƙudurta sai na shiga aikin tanda. Ka san tandar gidan burodi kuwa? Mutumin da ke kula da ita, Ogan Tanda, ba shi da gashi ko ɗaya daga yatsa har kafaɗa, kuma ko a inuwa ya tsaya sai ka ji yana fitar da ɗumi kamar dutsen guga. A ce ni, da wannan fatar tawa, in shiga can? Haba.

Sai na samu Yaya na ce masa zamani ya wuce tanda, yanzu kodin ake yi, wato rubuta wa kwamfuta umarni ta yi wa mutum aiki yana kwance. Na zuba masa kalmomi masu nauyi har da algoridim, wadda ni kaina a makon na fara jinta. Ya kalle ni sama da ƙasa, can ya sayo mini laftof ta hannu, ya ajiye a gabana.

“Ga ta nan,” in ji shi. “In na ga amfani, ka zauna a ɗakinka da fankarka. In ban gani ba, tanda na nan, ba ta zuwa ko'ina.”

Akwai wani shafi a intanet da masu koyo ke shiga suna warware tambayoyi don hannu ya faɗa. Za a ce maka ga lambobi a hargitse, rubuta umarnin da zai jera su. Ko ga garuruwa da hanyoyi, nemo mafi gajarta. Ranar farko na zauna na rubuta wani abu mai tsawo, na danna. Kwamfutar ta kama aiki ta ƙi tsayawa. Fankar cikinta ta dinga gurnani, ƙasanta ya yi zafin da sai da na ɗaga ta daga cinyata, na ce wato tandar ce ta biyo ni har sama.

A nan basirata ta motsa. Na lura kowace tambaya tana zuwa da misalai biyu ko uku, kuma an rubuta amsarsu ƙuru-ƙuru a ƙasa. To wahalar me zan sha? Sai in ce wa kwamfutar: in kin ga wannan tambayar, ga amsarta, in kin ga waccan, ga tata, in kuma kin ga wadda ba ki sani ba, kada ki ba ni kunya, maimaita amsar farko da ƙarfin hali. Ina danna gwaji a kan misalan, sai allo ya yi kore shar. Gaskiya can ƙasa akwai wani maɓalli da ke kai aikin ga ainihin jarrabawa, mai ɗauke da tambayoyin da ba a nuna maka ba. Wannan ban taɓa shi ba. Ni da shi muna mutunta juna.

Na dinga ɗaukar hoton koren nan ina tura wa dangi da abokai. Kowa na sa albarka, ban da Anti, matar Yaya. Ita Anti irin mutanen nan ne da in ka ce musu ka ga wata, sai sun ce nuna musu da yatsa.

“Injiniya,” ta ce mini muna cin abinci, “wannan koren da kake ta turo mana, ana miya da shi ne?”

“Anti, ba fanninki ba ne.”

“Ai na sani. Fannina wanke kwanon da ka ci ka bari.”

Yaya ya ajiye cokali ya ce maganarta a kan hanya take. Direban motar burodi yana ƙona mai da yawa wajen zagaya shaguna, don haka in sa kwamfutar ta fitar masa da hanya mafi gajarta, tunda na ce irin aikinta ke nan. Na ce wannan ai wasan yara ne.

Washegari na ja Direba wurin mai shayi, na sa aka haɗa masa mai kauri. Direba dattijo ne mai son a saurare shi, kuma a gidan ba mai yi. Na ce, “Baba Direba, wai don Allah ta ina kake bi in ka fita?” Ai kuwa ya karkace ya zayyano mini hanyarsa tun daga ƙofar gida har dawowa, har da inda yake tsayawa gaisawa da mai gyaran agogo. Na hau sama na zuba wa kwamfutar yadda ya faɗa, ban canza ko kwana ɗaya ba. Sai na ƙara wata dabara da har yau nake alfahari da ita: na sa ta riƙa ɗan jinkiri kafin ta ba da amsa, tana rubuta “Ana zurfin lissafi” da ɗige-ɗige suna tafiya. Mutane ba sa girmama amsar da ta zo da wuri.

Da gari ya sake wayewa aka taru a ofishin Yaya. Na shigar da sunayen shaguna, na danna, na harɗe hannu. Ɗige-ɗige suka yi ta tafiya. Can sai ga hanya ta fito. Yaya ya fara karantawa da ƙarfi, Direba kuma bakinsa na ƙara buɗewa.

“Wallahi hanyata ce!” ya daka tsawa. “Hanyata ce sak! Oga, shekara da shekaru kana cewa ina yawo da manka, yau ga na'ura ta wanke ni!”

Har da ƙwalla. Ya kama hannuna biyu ya ce ilimi gaskiya ne. Yaya ya sosa ƙeya ya ce to shi ke nan, ashe man ne ya yi tsada. Anti ta kalle ni, ta kalli Direba, ta ce, “Ikon Allah. Har wurin mai agogo ta sani.” Na yi kamar ban ji ba.

Kafin azahar Direba ya kai labarin kowane shago a layin. Tela ne ya fara hawowa ɗakina. Ya ce shi damuwarsa lissafin yadi, kullum ko ya gaza ko ya yi yawa, masu kaya suna zarginsa. Na ce ya kawo mini awon mutum uku da yadin da kowanne ya ci. Na farko a cikinsu Mai Taya ne, wani ƙato da in ya shigo shagon Tela sai an fitar da benci. Shi yadi bakwai yake ci. Na zuba su ukun, na bar dokata ta kullum: in baƙo ya zo, a ba shi amsar farko.

Bayansa sai ga Mai Aski. Shi kuma rigimar layi ta ishe shi, kowa na cewa shi ya riga zuwa. Yana son na'ura ta riƙa faɗin wanda za a yi wa, don ba wanda zai zagi na'ura. Na sauka shagonsa na gwada da mutanen da ke zaune, kuma ranar Direba ne a gaba. Ta yi zurfin lissafinta ta ce: Direba. Aka tafa. Na saka wa Tela da Mai Aski kowanne manhajarsa a waya, na koma sama na kwanta ƙarƙashin fanka, ina jin yadda manyan masana ke ji.

Kwana biyu ina tafiya a layin kamar hakimin lissafi. Mai shayi ya daina tambayata me zan sha, sai dai ya miƙo. Na fara sa tabarau ba tare da idona na ciwo ba.

Shagon aski ne ya fara tsami. Duk sunayen da Mai Aski ya shigar, ta yi jinkirinta ta ce Direba. Aka aske Direba. Washegari ya leƙo gaisuwa kawai, aka shigar da sunaye, ta ce Direba. Ya zauna aka sake bi. Kafin mako ya ƙare kan bawan Allah ya koma kamar ƙwan fitila, ƙuda in ya sauka sai ya zame. Shi kuwa ko a jikinsa.

“Na'ura ta san mutumin kirki,” yake faɗa wa masu jira.

Abin bai yi muni ba sai ranar da Direba ya fita kai kaya, shago cike da mutane, ta ce Direba. Mai Aski ya ajiye injinsa ya ce sai a jira shi. Wani mai sayar da katifa da ya zo tun safe ya ce, “Mutumin ba ya nan fa!”

“Ita ta san dalili,” in ji Mai Aski.

Aka aiko a kira ni. Na leƙo ta taga na ce tana duba abubuwa da dama da idon mutum ba ya gani, ciki har da saurin tsirowar gashi. Na rufe tagar da sauri don na ga mai katifa yana neman dutse.

Sai na Tela. Akwai wani malamin makaranta a layin, siriri kamar tsinken tsintsiya, wanda za a karrama a makarantarsu. Ya kai ɗinki, Tela ya auna shi tsaf ya shigar, ta ce yadi bakwai. Tela ya ce masa ya ƙaro yadi. Malam ya ce shi tunda yake bai taɓa wuce uku da rabi ba. Tela ya juya masa wayar ya ce ya yi musu da ita. Kuma da yake Tela mutum ne mai tsoron a ce ya ci yadin wani, sai ya tabbatar duk bakwai ɗin sun shiga rigar, bai bar ko ƙyallen goge keke ba.

Na uku, wato na motar burodi, shi ne ya tayar da ƙura. An toshe wata hanya ana gyaran kwalbati, ga kuma sababbin shaguna biyu sun nemi a riƙa kai musu burodi. Yaya da kansa ya shigar da wannan bayani, ina tsaye ina addu'a a zuci wutar laftof ɗin ta ɗauke. Ba ta ɗauke ba. Ta yi zurfin lissafi, ta fito da tsohuwar hanya, ba ragi ba ƙari.

Yaya ya ce, “Ina sababbin shagunan?”

Na ce, “Ta auna su ta ga ba su da alheri.”

“Hanyar da aka toshe fa?”

“Yaya, in ta ce a bi, to ta hango abin da ba mu hango ba.”

Direba ya karɓe zancen ya ce shi na'urar da ta tsaya masa ranar da kowa ya ƙi shi, ba zai juya mata baya ba. Ya ja mota ya tafi. Da ya isa wurin gyaran, ya sauko da kansa ya janye gangunan da aka tare hanya da su, leburori na yi masa ihu yana ɗaga musu hannu. Ya shiga. Tayoyin gaba suka nutse cikin ɗanyen siminti, ƙofar baya ta ɓalle, burodi ya gangaro. Leburorin, Allah ya saka musu, suka taimaka wajen kwashewa, sai dai ba cikin motar suka mayar ba.

Da la'asar ina ɗaki na ji hayaniya a ƙofar gidan burodi kamar an kama ɓarawo. Yaya ya ƙwala mini kira da sunana na gaskiya, abin da ya daɗe bai yi ba, ya ce in sauko da laftof. Na gyara tabarau na sauka.

Layin kaf yana wurin. Ga Direba da siminti har gwiwa, kansa na walƙiya. Ga mai katifa da gashinsa buzu-buzu, da wasu irinsa a bayansa. Ga Mai Aski da Tela suna tura wa juna laifin wanda ya fara yarda da ni. A tsakiya kuma ga malamin makaranta cikin rigar karramawa. Abokina, ban san yadda zan kwatanta maka ba. Kai kawai ake gani a sama, sauran kamar an kafa rumfar biki. Iska ta ɗan taso, rigar ta kumbura, sai da mutum biyu suka riƙe shi.

“Na hau dandamali karɓar lambar yabo,” in ji Malam, “na taka gaban rigar, na tafi da shugaban makaranta da teburinsa. Ɗalibaina suna kallo. Ɗalibaina!”

Na yi gyaran murya. A irin wannan wuri wanda ya fara jin kunya shi ya faɗi.

“Jama'a, a yi hattara. Kwamfuta ba ta kuskure. Abin da aka ba ta shi take sarrafawa. Tela, ka tabbata ba ka haɗa awon Malam da na inuwarsa ba?”

“Inuwar uban wa?” in ji Tela.

“Kuma Malam, ita tana lissafi ne har da gaba. Yanzu da aka karrama ka, ƙiba za ta zo. Rigar tana jiranka ne.”

Wallahi na ga wasu sun fara gyaɗa kai. Da an bar ni minti kaɗan da na sayar musu da wata manhajar. Sai Anti ta fito daga ciki tana goge hannu da zani.

“Injiniya, kawo ta nan in gani. Ai ko ba fannina ba ne na iya danna harafi.”

“Anti, na'ura ce mai laushi, ba a…”

“Ba ta,” in ji Yaya.

Ta ɗora ta kan teburin sayar da burodi, ta juya allon yana kallon jama'a, ta sa na buɗe mata ta Tela. Da yatsa ɗaya take dannawa, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. A wurin suna ta rubuta Jaki. A wurin awo ta zuba lambobin da suka zo mata. Ɗige-ɗige suka tafi, kowa ya zuba wa allon ido. Sai ga shi: yadi bakwai.

Wuri ya ɗauki dariya. Na ɗaga hannu na ce, “To ai daidai ne! Ku auna jaki ku gani, ƙafa huɗu fa gare shi, ga wuya!”

“Haka ne,” in ji Anti. Ta goge ta rubuta Allura.

Yadi bakwai.

“Doguwar allura ce,” na ce.

Daga nan abin ya fita hannuna. Kowa na jefo nasa. Aka auna buta, yadi bakwai. Aka auna sauro, yadi bakwai. Mai shayi ya ce a gwada surukarsa, yadi bakwai, ya ce wannan kam ta yi rowa. Anti ta bar wurin babu komai, ba suna ba awo, ta danna. Na'urar nan marar kunya ta yi zurfin lissafi a kan babu, ta ɗinka wa babu riga yadi bakwai.

Mai katifa ya ce a buɗe ta aski. Anti ta rubuta Kujera, Tsintsiya da Bokiti, ta tambayi wa za a fara yi wa. Tun ɗige-ɗigen ba su tsaya ba jama'a suka haɗa baki: “Direba!” Ita ma ta fito ta tabbatar musu. Mai Aski ya zauna a kan dakali ya riƙe kai. Malam yana son ya yi dariya yana son ya yi kuka, rigar na karkarwa gaba ɗayanta.

Na fara ja da baya a hankali wajen matakala, sai na ji na jingina da wani abu mai ɗumi. Ogan Tanda ne. Ban san lokacin da ya fito ba.

Direba kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya matso kusa da ni, simintin ƙafarsa na ɓarewa, ya yi ƙasa da murya.

“Ɗana, bar su da shirmensu. Amma ranar da ta ce hanyata ta fi kowace, wannan dai lissafi ta yi, ko?”

Na buɗe baki zan shirya masa wata, Anti ta riga ni.

“Baba, wa ya saya maka shayi mai kauri ana gobe za a gwada?”

Ya tsaya. Na ga abin yana sauka a fuskarsa sannu a hankali. Ya shafa kansa mai santsi, ya kalli ƙafafunsa, ya kalle ni.

“Oga,” ya ce wa Yaya, “ka ba ni izini ni in kai shi tanda.”

Yaya bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce laftof ta koma hannun Anti. Ya ce da safe zan bi mota in ba kowane mai shago haƙuri da bakina, in wanke tayoyin, in share wa Mai Aski shago, in zauna in farke rigar Malam zare-zare Tela ya sake ɗinkawa. Sauran yinin kuma, daga yau har sai ya manta da fuskar Malam a cikin rumfar nan, na Ogan Tanda ne.

Na ce, “Yaya, a duba lafiyata, likita ya taɓa cewa zafi…”

Ban ƙarasa ba na ji ƙafafuna sun bar ƙasa. Direba ta dama, Ogan Tanda ta hagu, jama'a na biye da tafi kamar ana raka ango. Aka cire mini tabarau, aka ɗaura mini wani tsumma mai warin man gyaɗa, aka danƙa mini doguwar sandar tura tiren burodi. Ogan ya buɗe ƙofar tandar. Na leƙa in ga yadda tsarinta yake, don in ba da shawara, sai wani hucin ya fito ya gaishe ni. Girata biyu suka tafi a take, tare da gashin gaban goshi. Mai Aski da ke leƙe ta taga ya ce Allah ya yi wa tandar albarka, ta rage masa aiki.

Amma ka faɗa wa duk mai yi mini dariya cewa ko a can ban zama ɗan kallo ba. Tun da aka gina gidan burodin nan ba a taɓa samun wanda ya ƙona tire guda cur da saurin da na ƙona nawa ba. Ogan Tanda da bakinsa ya faɗa, kuma har ya kira mutane su zo su gani.